A Sassauta Sharaɗin Sabuwar Shaida a Ɗaukaka Ƙara

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in taɓo wani abu da lauyoyi suka sani, talaka kuwa sai ya faɗa ciki yake ganewa. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta sake shari'a daga tushe. Abin da kotun ƙasa ta rubuta shi take dubawa. Mai son kawo sabuwar shaida sai ya nemi izini, izinin kuma ba ya samuwa da sauƙi. Tun 1974, a shari'ar Asaboro da Aruwaji, Kotun Ƙoli ta gindaya sharuɗɗa: shaidar ta zama wadda ba ta samuwa lokacin shari'ar ko da an yi iyakar ƙoƙari, ta zama mai tasiri ga hukunci, kuma abin gaskatawa ce.

Sharaɗin farko ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Waccan shari'ar ta tsakanin mutum da mutum ce, ba ta ɗauri ko rataya ba. Mu mutanen Jos mun ga rikicin 2001, da na 2008, da na Janairun 2010, mun ga bama-baman jajibirin Kirsimetin 2010 a nan Anguwan Rukuba. Bayan kowanne sai kame ya biyo, unguwa ta watse. Maƙwabcin da ya san inda yaron da aka kama ya kwana a daren rikicin ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauye ko wata jiha, tsoro ya rufe masa baki. Wanda ake tuhuma yana tsare, ba kuɗin lauya, sai wanda gwamnati ta ba shi, shi ma fayil ya yi masa katutu. In maƙwabcin ya dawo bayan an yanke hukunci, sai a ce me ya hana a kawo shi tun farko? To wa zai nemo shi, mutumin da ke bayan kanta?

Na san hujjar alƙalai: dole shari'a ta yi ƙarshe, kuma shaidar zur ba ta tsada a ƙasar nan. Gaskiya ne. Amma ai aikin sharaɗi na uku ke nan. A kira maƙwabcin, lauyan gwamnati ya yi masa tambayoyin ƙure, in maƙaryaci ne asirinsa ya tonu a gaban kowa.

A Ingila, sabuwar shaida ce ta fitar da wasu mutum 6 na Birmingham a 1991 bayan shekara 16 a kurkuku, har aka kafa hukumar sake duba irin waɗannan hukunce-hukunce a 1997. Mu kuwa a 1981 an zartar wa wani Nasiru Bello hukuncin kisa a Jihar Oyo alhali ƙararsa tana jiran a saurare ta.

Roƙona ga Majalisar Tarayya shi ne ta rubuta a doka cewa in hukuncin kisa ne ko ɗaurin rai da rai, kada talauci ko sakacin lauya ya hana kotu jin shaidar da za ta iya wanke mutum. Kafin nan, alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke zama a Jos suna da ikon ba da wannan izini.

Naka,
Mai karatu daga Anguwan Rukuba, Jos