Babbar tukunyar gas a ƙaramin murhu: a haɗa, amma ban da ɗaurin roba

1/ Masu shayi da indomi, masu gasa nama da kifin Bakolori, da ku matasan da ke girki a shago: wannan zaren naku ne. Ra'ayina a taƙaice: haɗa ƙaramin murhu da tukunya mai kilo 12.5 dabara ce mai kyau. Amma wanda bai da kuɗin regileta da tiyo na gaske, ya dakata tukuna.

2/ Na san dalilin komawa babbar tukunya. Daga Damri zuwa Talata Mafara don cika kilo 3, kuɗin mashin kaɗai ya isa ya cinye ribar yini. Shiga daji neman itace kuma kowa ya san halin da ake ciki. Babbar tana ɗaukar sama da ninki huɗu na ƙaramar. Lissafin ya fita.

3/ Ga abin da mutane ba su gane ba. Ƙarfin iskar da ke cikin tukunya ba girmanta ke kawo shi ba, zafi ne da irin gas ɗin. Abin da girma ke ƙarawa shi ne yawan gas ɗin da zai malale in tiyo ya zame. Yoyon kilo 3 daban, na kilo 12.5 daban.

4/ Aikin regileta shi ne rage wannan ƙarfin. Murhun tebur na gida yana aiki da kusan miliba 30, alhali na cikin tukunya ya ninka haka kusan sau ɗari ko fiye, balle a zafin Afrilu da muke haura digiri 40. In ka haɗa kai tsaye, roba da igiya kake sa wa su riƙe wannan ƙarfin.

5/ Regileta ma iri biyu ce: mai ƙaramin ƙarfi ta murhun tebur, da mai babban ƙarfi ta murhun ƙarfe irin na masu abinci. Wasu ƙananan magasai kuma suna zuwa da tasu a jiki. In ka ƙara wata, wutar za ta yi sanyi. Mafita ba cire duka biyun ba ce. Ka ɗauki murhun ka je da shi wurin mai sayarwa.

6/ Tiyo: na gas ake saya, ba na ban-ruwa ba, ba na fetur ɗin janareta ba. Bakinsa biyu a matse da maɗaurin ƙarfe mai noti. Tsinken tayar keke da rana ta gasa ba maɗauri ba ne. Araha ba ta ado, a nan ma kisa take yi.

7/ Ka gama haɗawa? Kaɗa Omo da ruwa ka shafa a duk mahaɗa. In kumfa na tasowa, akwai yoyo. Don Allah ban da gwaji da ashana.

8/ Tukunya a tsaye, a inuwa, nesa da wuta, inda iska ke ratsawa. Gas ɗin ruwa ne a ciki. In ka kwantar da ita, ruwan ne zai biyo tiyo. Kuma ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Shagon da aka kulle da dare, ka buɗe ƙofa ya sha iska kafin ka taɓa makunnin lantarki.

9/ Abin da na fi tsoro: juye gas daga babba zuwa ƙarama a gida. Ana barin kusan kashi 20 cikin 100 na tukunya babu komai don gas ya samu wurin kumbura. Mai juyewa da ido ba ya auna wannan.

10/ A Janairun 2020, fashewa a wani shagon gas a Sabon Tasha, Kaduna, ta kashe mutane, ciki har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya. Kaduna ke nan, mai motocin kashe gobara. Mu fa, kafin mota ta iso Damri me zai rage?

11/ Wani zai ce "shekara biyu ina yi da roba, lafiya lau." Alhamdu lillahi. Amma a bencinka yara ne ke jiran indomi, ba kai kaɗai ka ɗauki kasadar ba. In an tashi, a rufe daga kan tukunya, sannan murhu. Tura wa mai shayin unguwarku. Allah Ya tsare mu.