Ranar da na kai yarana Matsirga



Wata rana da daddare muna kallon fim ɗin Indiya a waya, ni da yarana biyu, aka nuno jarumar a tsaye gaban wani ruwa da ke zubowa daga saman dutse. 'Yata mai shekara 7 ta juyo ta ce, "Umma, da kwamfuta suke haɗa wannan ko?" Na ce a'a, gaske ne, mu ma muna da irinsa a ƙasar nan. Yayanta mai shekara 10 ya ce, "A ina? A daji?" Na ce e. Ya ce, "To ai can 'yan bindiga suke." Ya mayar da idonsa kan waya, kamar ba wata magana ya yi ba.

Daren nan na daɗe ban yi barci ba. Ni da nake shekarunsa, daji wurin ɗinya ne da kanya da magarya. Mukan bi Baba gona, mu dawo da ƙaya a ƙafa da baki baƙi ƙirin. Su kuwa daga gida sai boko sai Islamiyya. Sun taso suna jin labarin ɗaliban Ƙanƙara da aka kwashe a Disambar 2020. Sun ga lokacin da aka katse layukan waya a nan Dandume da maƙwabtanmu a Satumbar 2021, sai mutum ya yi doguwar tafiya kafin ya gaida ɗan'uwansa. Yaron bai yi ƙarya ba, abin da ya sani ya faɗa. Abin da ya dame ni shi ne bai san komai game da daji ba sai wannan.

Ina da ƙawa ma'aikaciyar jinya a Kafanchan, a wani taron ƙara wa juna sani muka haɗu shekarun baya, zumunci ya ɗore. Ta sha gaya mini in zo ta kai ni Matsirga, wani ruwa da ke faɗowa daga dutse kusa da Madakiya, dab da Kafanchan. Sunan ma ya isa bayani, wurin da ruwa ke tsirgowa. Daga duwatsun Kagoro ruwan yake tasowa, tsawon inda yake faɗowa ya kai kimanin mita 30. Yawancin waɗanda na yi wa maganar a nan ba su taɓa jin sunansa ba. Gurara suka sani, na Jihar Neja a kan hanyar Suleja zuwa Minna, inda mutanen Abuja ke cika ranakun hutu da tabarmi da kiɗa. Ƙawata ta ce Matsirga ba haka yake ba, idan ba lokacin biki ba kina iya zuwa ki tarar ba kowa sai ke da ƙarar ruwa.

Masu rubuta labarin yawon buɗe ido a ƙasashen Turai suna son irin wannan magana. A wurinsu, a ce wuri ba jama'a yabo ne. Ni kuwa da na ji "ba kowa", gabana ne ya faɗi. Matar da ta zauna a yankinmu ta san hanyar da ta yi tsit ba abin murna ba ce.

Maigidan ya kai wata guda bai ce e ba, bai ce a'a ba. Surukata da ta ji, ta ce, "Ruwa za ku je gani? Ba ga rijiya nan a tsakar gida ba?" Wata 'yar'uwa kuma ta ja ni gefe ta tuna mini rikice-rikicen da aka sha yi a kudancin Kaduna, ta ce me zai kai ni da hijabi da yara. Ban raina maganarta ba, don abubuwa sun faru kuma an yi asarar rayuka ta kowane ɓangare. Amma Kafanchan gari ne mai Musulmi da Kirista, masarautar Jama'a ma a can take, kuma ba wurin baƙo zan sauka ba. A ƙarshe maigidan ya yarda da sharaɗi uku: da shi za a je, ba tafiyar dare ko ta asuba, kuma ranar tafiya sai ya kira direbobin da ya sani a tasha ya ji yadda hanya ta kwana. In suka ce a dakata, an fasa, ko da an riga an ɗaure kaya.

Muka tashi farkon Oktoba, ana tsakiyar karyar masara a wajenmu. Dandume zuwa Funtuwa, Funtuwa zuwa Zariya, muka kwana gidan yayata. Washegari muka bi ta Kaduna, Kaciya, Zonkuwa, muka shiga Kafanchan kafin la'asar. Tafiya ce mai tsawo, daga Kaduna kaɗai wajen kilomita 200 ne, yaran sun gaji har sun yi faɗa a kan wa zai zauna bakin taga. Amma tun daga Kaciya suka fara shiru suna kallo. Ƙasa ta canza, duwatsu da bishiyoyi masu duhu, gonakin citta maimakon masara da auduga. Ɗana bai taɓa sanin cittar da muke sa wa a shayi shuka ta ake yi ba. A Kafanchan ƙawata ta nuna musu tsohuwar tashar jirgin ƙasa, mahaɗar da ta raya garin tun 1927.

Da safe muka tafi ruwan. Ƙawata ta ɗauko ɗan yayarta, saurayi ɗan wajen, shi ya shige gaba. Kafin mu sauka hanya sai da ya tsaya muka gaisa da dattawan da ke zaune a inuwa, ya gaya musu ko mu su wane ne da inda za mu. A lokacin na ɗauka ladabi ne kawai.

Ciyawa ta yi tsawo bayan damina, wani wurin ta fi 'yata tsayi. Saurayin yana tafe yana buga sanda a gabansa, ya ce kowa ya taka inda ya taka. Tun ba mu ga komai ba muka fara jin ƙara, kamar babbar mota na tahowa amma ba ta isowa. 'Yata ta riƙe mini hijabi gam. Sai hanya ta karkata, iska mai sanyi ta buge mu da feshi kamar yayyafi, ga ruwa fari fat yana rabuwa gida-gida yana zubowa daga bakin dutse zuwa wani kwari. Sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Ɗana da bakinsa ba ya hutawa ya tsaya ƙyam. Can ya ce, "Umma, ba ya ƙarewa?" Babansa ya ce, "Tun kafin a haifi kakanka yake zuba." Ni dai tasbihi kawai nake yi.

Yanzu ga inda zan tona wa kaina asiri. Na sa yara sun sa takalmin makaranta mai igiya, na yi ta gargaɗi a kan santsi, ni kuwa silifas ne a ƙafata. Duwatsun da feshi ke jiƙawa kullum gansakuka ta lulluɓe su, sun fi sabulu santsi. Na matsa in ɗauki hoto, ƙafar dama ta tafi, na zauna daɓas, idon sawuna ya murɗe. Ma'aikaciyar jinya guda, mai yi wa mutane wa'azin kiyaye haɗari, ga ta a ƙasa yaranta na kallo.

Ƙawata ta duba, ta danna ƙashin ta ciki da ta waje, ta ce in gwada takawa. Ga ƙa'idar da muke bi, ku riƙe ta ko don gida: idan mutum ya murɗe ƙafa ya kasa yin taku huɗu a kanta, ko kuma kan ƙashin idon sawun ne ke zafi in an danna, hoto ake fara yi a asibiti kafin a je wurin mai ɗori ko a fara murzawa da man zafi. Na yi takun da ƙyar, targaɗe ne ba karaya ba. Muka ɗaure da bandejin da na zo da shi don yara. Amma hawa sama ya gagara, waya kuma sabis na zuwa yana ɗaukewa. Saurayin nan ya ruga, cikin ɗan lokaci ya dawo da mata biyu daga wata gona, don dattawan da muka gaisar sun san muna ƙasa kuma sun san wa ke aiki kusa. Su suka tallafe ni har sama, ɗaya na tsokanata wai likita ta zama majinyaciya. Ina zaune a kan dutse ina jiransu na yi ta lissafi: da mu kaɗai muka zo da taswirar waya, da karaya ce, ko da yaro ne ya bugu a ka, wa zai san muna nan? Daga ranar na yanke cewa duk wurin da aka yaba mini da cewa ba kowa, ba zan je ba sai da ɗan gari a gaba da kuma wani a sama da ya san lokacin da ya kamata mu fito.

Kafin faɗuwar tawa mun riga mun yi rigima da ɗana. Ya hango wasu yara can ƙasa inda ruwan ya lafa suna wanka, ya fara cire riga. Na hana, ya yi fushi, babansa ma ya ɗan goya masa baya. Dalilina biyu ne. Na farko, gindin irin wannan ruwa yana da zurfin da ido ba ya gani, kuma ruwan yana juyawa ya ja mutum ƙasa. Yaran wajen sun san inda ake shiga da inda ba a shiga, nawa ko iyo bai iya ba. Nutsewa kuma ba irin ta fim ba ce da ake ihu ana ɗaga hannu. Shiru yaro ke yi ya tafi, kina tsaye kina gyara ɗankwali.

Na biyu shi ne tsargiya. Da yawanmu mun taso muna ganin yara maza na fitsarin jini, har wasu na ɗauka alamar girma ce. Ciwo ne. Wata tsutsa ce da ido ba ya gani, tana girma a jikin ƙananan dodon koɗi na rafi da tafki da madatsar ruwa, musamman inda ruwa ke kwance ko yake tafiya a hankali. Ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Sai bayan makonni ko watanni a ga jini a ƙarshen fitsari, in aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara har ta taɓa ƙoda. A jikin 'ya'ya mata tana iya kama al'aura da mahaifa, a yi ta maganin sanyi ba a dace ba. Ba na cewa ruwan Matsirga na da ita, ba a gane wa da ido, shi ya sa nake ɗaukar kowane ruwan rafi da zato. Maganinta Praziquantel, irin wanda ake raba wa ɗalibai a makarantu, kuma gwajin fitsari ne ke nuna ta. Wannan bai tsaya ga masu tafiya Kafanchan ba. Duk uwar da ɗanta ke wanka a kududdufi ko dam a nan wajenmu, ta riƙa tambayarsa launin fitsarinsa, don da kansa ba zai faɗa ba.

Ɗaya daga cikin matan da suka ɗauko ni ta ƙara mini wani ilimi. Ta ce ko sama na garau a inda kike, in aka yi ruwa a kan duwatsun Kagoro zai iso ba sallama. In kika ga farin ruwa ya fara komawa ja, yana ɗauko ganye da karare, ko ƙararsa ta canza, ki kwashi yara ki hau sama, kar ki tsaya naɗe tabarma. Shi ya sa tsakiyar damina, Yuli da Agusta, ba lokacin kai yara ba ne, duk da a lokacin ne ruwan ya fi cika.

Maciji ba mu gani ba, alhamdu lillahi, amma tunda ciyawa muka ratsa bari in faɗa a gurguje. In ya sari mutum, ba a ɗaure wurin tamau, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti ko da ya ce ba ya jin komai. Dafin kububuwa yakan ɗauki sa'o'i kafin jini ya fara zuba.

Mun ci dambunmu da ƙuli-ƙuli a sama, ƙafata a kan jaka. Yara suka tsince ledojinmu har da na waɗanda suka riga mu zuwa, babansu ya sa su. Da azahar ta yi, mahaifiyar ƙawata ta kawo mana ruwa a buta ta shimfiɗa sabuwar tabarma a ɗakinta, ta tambayi jikanta ina ne gabas don kar ta nuna mana ba daidai ba. Na ba 'yar'uwar nan tawa wannan labari da na dawo. Ta ce, "Allah Sarki," ba ta ƙara komai ba.

Sati biyu na yi ina ɗingishi a wurin aiki, abokan aiki na tambaya ko ruwan ne ya biyo ni. 'Yata ta zana Matsirga a bayan littafin lissafinta, da shuɗin biro, ga mutum huɗu a tsaye, ga wata a zaune a ƙasa da ƙatuwar ƙafa. Malamarsu ta aiko a tambaye ni ko da gaske a Najeriya ne.

Shi kuwa yayan, ran nan muna dawowa daga Funtuwa ya nuna wani dutse can nesa da titi, bayan gonaki, ya ce, "Umma, wancan fa, akwai ruwa a bayansa?" Na ce ban sani ba. Ya ce yaushe za mu je mu duba. Na kalli babansa, babansa ya kalli hanya. Na ce masa ba bana ba.