Maƙwabciyar da Marubutanmu Suka Manta

Jama'a, a littattafan da muke karantawa, da zarar jarumi ya yi kuɗi sai Dubai, ko Landan, ko Saudiyya. Ni dai ban taɓa cin karo da marubucin da ya kai jarumarsa Sao Tome da Principe ba, alhali kuwa maƙwabciyarmu ce. Tsibirai biyu ne a tekun Gini, kudu da Najeriya, mutanenta ba su kai dubu 250 ba, wata ƙaramar hukumar Kano ma ta fi ta jama'a. Harshen Fotugal suke yi, daga hannun Fotugal ɗin kuma suka samu 'yanci a 1975.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, tarihinmu ya cuɗanya da nasu amma ba mu sani ba. Lokacin yaƙin basasa, daga Sao Tome jiragen agaji suke tashi da daddare su kai abinci Biyafara. A 2001 ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar raba man da ke ruwan tsakaninsu, Najeriya kashi 60, su kashi 40. A 2003 sojoji suka yi wa shugabansu Fradique de Menezes juyin mulki yana Abuja, bayan mako guda Obasanjo da kansa ya raka shi gida.

Ga kuma gonakin koko da Turawa suka gina da gumin leburorin da aka kwaso daga Angola, har tsibiran suka shiga sahun gaba a duniya wajen koko a farkon ƙarni na 20. Wannan kaɗai ai ya isa littafi na ɗaya, na biyu, har da na uku.