Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban NUJ Na Jihar Sakkwato: A Ƙidaya Masu Kawo Labari

Malam Shugaba,

Na rubuto ne daga Lahodu, ƙaramar hukumar Wurno, da tambaya ɗaya: mutum nawa ne ke cin abinci da aikin jarida a jihar Sakkwato a yau, kuma wa ke biyan su? Na san akwai rajistar mambobi a sakateriya. Fargabata ita ce rajistar tana nuna aikin ne yadda yake jiya.

Tun da aka kafa ƙungiyar 'yan jarida ta Najeriya, NUJ, a Legas ranar 15 ga Maris 1955, an gina ta ne a kan ma'aikacin da ke da gidan da yake yi wa aiki: a ɗauke shi aiki da takarda, ya shiga reshen ƙungiya na gidan, ƙarshen wata a cire kuɗin ƙungiya daga albashinsa. Tsarin ya dace da zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, da New Nigerian ta 1966, kuma har gobe ya dace da ma'aikatan Rima Radio, Rima Television, NTA da jaridar The Path. Sai dai Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian sun daɗe da ɓacewa daga hannun masu talla, kuma manyan gidajen da ake yi wa kallon tudun mun tsira su ma sun girgiza. A Satumban 2022 BBC ta sanar da soke guraben aiki 382 a sashenta na ƙasashen waje. A Maris 2025 umarnin shugaban Amurka ya tsayar da Muryar Amurka, Sashen Hausa da ke magana tun 1979 ya yi tsit. A maƙwabta, gwamnatin sojan Nijar ta dakatar da RFI a Agustan 2023, ta kuma dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024. Duk irin wannan hukunci, wanda yake fara ji a jikinsa shi ne wakilin da ake biya gwargwadon rahoton da ya aika, wanda ba shi da garatuti balle fansho.

Aikin dai bai mutu ba, wuri ya sauya. TRT Afrika ta buɗe sashen Hausa a 2023, tashoshin FM masu zaman kansu irin su Vision da Garkuwa sun samu masu sauraro, jaridun intanet kuwa kullum sai an haifi sabuwa. Ka zo kasuwar Achida ranar da take ci, za ka ga saurayi riƙe da waya yana tambayar farashin buhun albasa da tafarnuwa. Shi ne mai ɗaukar hoto, shi ne mai tacewa, shi ne mai sakawa a Facebook kafin la'asar. Wani kuma muryarsa yake naɗa ya tura wa edita a Sakkwato ko Abuja ta WhatsApp, ladansa kuɗin data, wata rana ko shi babu. Akwai masu gabatar da shiri a rediyo da ba a biyan su ko sisi, su ne ma ke sayen fili su fita neman mai ɗaukar nauyi. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira ta fara taɓa fassara, alhali fassara ce ƙashin bayan aikin kowane sashen Hausa.

Mu a gabashin jiha mun san darajar waɗannan mutane. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23, har da Rabah da Goronyo. Ranar 17 ga Oktoba 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo, aka rasa fiye da mutum 40. A irin waɗannan kwanaki, sai wani ya hau babur ya bi hanya mai haɗari zuwa inda akwai sabis kafin duniya ta ji halin da ake ciki. Mafi yawan masu yin wannan kasada ba su da katin NUJ, ba su da inshora, kuma in aka kama ɗayansu da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa kwaskwarima a 2024, babu wanda zai ce nasa ne. Makiyayin da bai san yawan garkensa ba, ba zai san ranar da kura ta ɗauki ɗaya ba.

Don haka shawarata ita ce reshen jiha ya riƙa ƙidaya duk shekara, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Tambayoyin kada su wuce shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, a waya da kuma a takarda. Wa kake yi wa aiki, kuma gida nawa? Akwai takardar ɗaukar aiki? Albashi ne, ko biyan rahoto, ko kamasho daga talla? Ya kai mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024? Wata nawa kake bin bashi? Wayar aiki da data wa ke saya? An taɓa yi maka barazana ko tsare ka? A tambayi gidajen su ma: mutum nawa suka yi ritaya bana, nawa aka maye gurbinsu, wane aiki ne na'ura ta karɓe?

Ba sai an kashe kuɗi mai yawa ba. Ɗaliban aikin jarida na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi za su iya tattara amsoshin. A haɗa kai da RATTAWU saboda ma'aikatan rediyo da talabijin, da NAWOJ don kada a tsallake mata. A ɓoye sunayen masu amsawa kamar yadda dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tanada, domin wanda ke bin gidansu albashin wata biyar ba zai buɗe baki ba in ya san manaja zai gani. Sannan a fitar da jimillar a bainar jama'a kowace ranar 3 ga Mayu, ranar 'yancin 'yan jarida ta duniya. Bayan shekara uku, ƙungiya za ta zauna da gwamnati da masu gidajen da alƙaluma a hannu maimakon koke.

Na san abin da wasu dattawan sana'a za su ce: ba duk mai riƙe da waya ne ɗan jarida ba, da yawansu sojojin baka ne na 'yan siyasa. Gaskiya ne. Amma ƙidaya ba rabon kati ba ce. Ita ce ma za ta bambance mai neman labari da mai neman na goro. Waɗanda aka ga da gaske suke, a buɗe musu matakin mamba na share fage, a koya musu tantance labari da dokar ɓata suna, a ba su lokaci su nemi difloma.

Roƙona, Malam Shugaba, ka gabatar da wannan batu a babban taron reshe na gaba, kuma a fara gwajin da Wurno, Rabah da Goronyo. Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mai bibiyar kafafen yaɗa labarai,
Lahodu, ƙaramar hukumar Wurno.