SHARHI: Yadda inshorar lafiyar dattawa ke zaizayewa a yankin Funtua da Malumfashi

A Amurka, duk lokacin da 'yan majalisa suka taɓo batun rage kuɗin Medicare, shirin inshorar da aka kafa a 1965 domin masu shekara 65 zuwa sama, ƙungiyoyin dattawa kan yi musu ca. A Najeriya ba a cika sanar da ragi ba. Dokar tana nan, katin yana aljihu, amma abin da katin ke iya saya yana raguwa, kuma dattawan kudancin Katsina na cikin waɗanda wannan zaizaya ta fi taɓawa.

A rubuce, tanadin ba shi da laifi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun BHCPF, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kodayake sai a kasafin 2018 aka fara sanya masa kuɗi. A watan Mayun 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, ta kuma tanadi asusun masu rauni, inda aka ambaci tsofaffi. Jihar Katsina ta kafa hukumarta, KTSCHMA, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, wanda shi kansa ɗan Ƙaramar Hukumar Kafur ne, maƙwabciyar Malumfashi.

Ƙorafi mafi daɗewa na 'yan fansho ne. Shirin ma'aikatan tarayya yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai. Amma da yake an ɗaure shirin da albashi, ranar da albashi ya tsaya kariyar ma sai ta tsaya. Wato mutum yana cikin inshora a shekarun da bai cika zuwa asibiti ba, sannan a cire shi a shekara 60, daidai lokacin da hawan jini da ciwon sukari da yanar ido ke sallama. Ƙungiyar 'yan fansho ta ƙasa, NUP, ta shafe shekaru tana kiran a gyara wannan. A watan Agustan 2025 Shugaba Bola Tinubu ya umarci hukumar PenCom ta gaggauta shirin kula da lafiya kyauta ga masu ƙaramin fansho. Mataki ne mai kyau, sai dai ya taƙaita ga waɗanda ke cikin tsarin fanshon adashi.

Ragin na biyu hauhawar farashi ce ta yi shi. Ana biyan asibiti wani ƙayyadadden kuɗi kowane wata a kan kowane mai rajista, kuma wannan kuɗi ya daɗe a naira 750. Da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, aka saki naira a Yuni, kamfanin GSK kuma ya sanar da ficewarsa a Agusta, sai magani ya yi tashin gwauron zabi. NHIA ta ƙara kuɗin a 2024, ta sake ƙarawa a 2025. Lissafin asibiti a nan ba boyayye ba ne: idan kuɗin da ke shigowa bai kai na maganin wata ɗaya ba, amsar da mai kati zai ji ita ce babu, ya tafi kemis. Yaro mai zazzaɓi kan warke a 'yan kwanaki. Dattijo mai hawan jini kuwa zai sha magani har ƙarshen rayuwarsa, don haka shi ne majinyacin da wannan tsari ya fi ƙi.

Duk da haka, ɗan fansho yana da gata idan aka kwatanta shi da yawancin tsofaffin yankin. Manomin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana noman auduga da masara a Bakori, ko tumatir a Danja, bai taɓa karɓar albashi ba, ba shi da ƙungiya mai ofis a Abuja. Ƙofarsa ɗaya ce, wato a sa sunansa cikin jerin masu rauni na BHCPF a cibiyar lafiyar mazaɓarsa. Guraben ba su da yawa, kuma yana gogayya a kansu da mata masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, waɗanda su ne masu ba da tallafi suka fi ƙirgawa. A sassan Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara, inda 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, akwai ƙarin matsala: rajista tana haɗe da cibiya guda, shi kuwa mai rajistar yana iya kasancewa yana gudun hijira a cikin Funtua. Idan cutar ta fi ƙarfin babban asibitin Funtua ko na Malumfashi, sai Shika, kuma kuɗin mota da na jinya daga buhun masara ko akuya za su fito.

Ghana ta bi wata hanya. Shirinta na 2003 ya yafe wa masu shekara 70 zuwa sama kuɗin shiga, kuma ta jingina shi da wani haraji na musamman a kan kayayyaki. Ba a rasa jinkirin biyan asibitoci a can ba, amma shekarun mutum ne ke ba shi haƙƙi, ba alfarmar mai rubuta suna ba. Najeriya na da dokar Cibiyar Dattawa ta Ƙasa da aka sa wa hannu a 2018, sai dai cibiya ba ta biyan kuɗin magani.

Gwamna Dikko Umaru Radda ya yi alƙawarin cibiyar lafiya mai aiki a kowace mazaɓa daga cikin 361 na jihar. Gini abu ne da ake gani a ɗauki hotonsa. Abin da ya kamata KTSCHMA ta wallafa shi ne adadin masu shekara 60 zuwa sama da ke cikin rajistarta, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, da ranakun da kuɗin kowace cibiya suka shiga. Ƙananan hukumomi 11 na shiyyar Funtua suna da wakilai a Majalisar Dokokin jihar waɗanda ke da ikon neman waɗannan alƙaluma kafin a amince da kasafin baɗi, kuma kujerunsu na cikin waɗanda za a sake zaɓe a kansu a 2027.