Mun Iya Sa Gezna, Ba Mu Iya Gaishe da Mai Saƙa Ta Ba

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, mai sauri ya ajiye sai ya samu natsuwa.

Shekaranjiya na raka ɗan yayata Kantin Kwari sayen shaddar ɗaurin auren abokinsa. Yaron nan shekara 3 ke nan da gama digiri, ya yi bautar ƙasa, yanzu POS yake yi a bakin titi. Ya kafe shi fa sai Gezna. Da mai shago ya zaro, sai na tambaye shi, "Wai a wace ƙasa ake saƙa wannan?" Ya ce, "Kawu, ba Dubai ba ce?" Mai shago ya yi dariya ya ce Jamus ce. Na ce Alhaji kai ka fi kusa, amma kai ma ba ka ci ba. Kamfanin Getzner yana wani ƙaramin gari ne mai suna Bludenz a ƙasar Ostiriya, tun 1818 aka kafa shi. Abin da Alhaji ya canka daidai shi ne harshen mutanen, don Jamusanci suke yi.

Tun daga nan abin yake ta yi min yawo a rai. Ku duba rayuwarmu daga safe zuwa dare. Magin da ke cikin miyarmu, sunan wani mutum ne, Julius Maggi, daga yankin masu jin Jamusanci na ƙasar Siwizalan. Leshin da mata ke rububi, asalin mai tsadar daga Ostiriya da Siwizalan yake fitowa. Je ka tasha, Golf da Sharon ne ke jigilar mutane, duk na Volkswagen. Tirelolin MAN da ke hanyar Legas, da Marsandin da kowane ɗan siyasa ke mafarki, da fulogin Bosch da bakanike ke cewa a sayo "na asali". Ɗan ƙwallon unguwa da rigar Adidas ko Puma, waɗanda wa da ƙane ne suka kafa su a gari ɗaya a Jamus bayan sun ɓata. Katin ɗaurin auren da za a raba ma, akwai yiwuwar a kan tsohon injin Kord aka buga shi, na kamfanin Heidelberg.

Manyanmu sun san an taɓa harhaɗa tarakta da manyan motocin Steyr na Ostiriya a Bauchi, da Marsandi a Inugu, da Volkswagen a Legas. Julius Berger ya shigo ƙasar nan a 1965 da aikin gadar Eko, daga baya ya yi manyan ayyukan Abuja. A 2019 gwamnatin Buhari ta ƙulla yarjejeniyar gyaran lantarki da Siemens. A 2024 kamfanin Bühler na Siwizalan, mai ƙera injinan niƙa da casa, ya buɗe cibiyar gwajin sarrafa hatsi a nan Kano, ana gwada dawa da gero da masara.

To ga tambayata. Shekara da shekaru muna saye a hannun mutanen nan, mutum nawa ka sani a unguwarku da zai iya karanta shafi ɗaya na Jamusanci? Mun zama kwastoma na din-din-din. Kwastoma kuwa kuɗinsa ake karɓa, ba a nuna masa yadda ake haɗa kaya.

Na san abin da wasu za su ce: ai Turanci ya isa, Jamusawa ma suna ji. Gaskiya ne, idan ofishin Siemens ko SAP za ka shiga taro, Turanci zai fisshe ka. Amma ƙarfin Jamus ba a kan waɗannan manyan sunaye kaɗai yake ba. Sama da kashi 99 cikin 100 na kamfanonin ƙasar ƙanana ne da matsakaita, da yawansu na gado ne, suna ƙauyuka da ƙananan garuruwa, kowa ya ƙware a abu guda: wannan famfo, wancan injin yankan ƙarfe, wancan injin cika kwalba. A cikin masana'antar, tsakanin maigida da yaransa, Jamusanci ake yi. Wanda yake son ya san cikin injin, ba fentinsa ba, a nan harshen yake masa rana.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi ɗaukar hankalina, wato tsarinsu na koyon sana'a da suke kira Ausbildung. Mu ma muna da irinsa a gargajiyance: a kai yaro gareji ko wurin walda, ya yi shekaru yana miƙa sufana, ranar da maigida ya ga dama ya yaye shi. Su sai suka sa wa abin doka. Yaro zai sa hannu a yarjejeniya da kamfani, wasu ranaku yana wurin aiki, wasu yana makarantar sana'a, na tsawon shekara 2 zuwa 3 da rabi. Ba ya biyan kuɗin koyo, shi ake biya duk wata. A 2025 mafi ƙarancin da doka ta yarda a ba ɗan shekarar farko Yuro 682 ne, sana'o'i da yawa kuma suna haura Yuro 1,000. In ya gama ya ci jarrabawa, a ba shi takardar shaidar da duk ƙasar ta san da ita. Sana'o'in da ke cikin tsarin sun haura 300: lantarki, kanikanci, aikin famfo, gini, girki, kwamfuta da sauransu. Aikin jinya ma ta irin wannan hanya ake koyonsa.

Abin da ya sa wannan ya shafe mu shi ne, mutanensu suna tsufa, waɗanda ke ritaya sun fi masu shigowa aiki yawa, kuma duk shekara akwai guraben koyon sana'a da ke zama babu kowa. Shi ya sa suka yi dokar shigo da ƙwararrun ma'aikata a 2020, suka sassauta ta a 2023, sannan a watan Yunin 2024 suka fito da wani kati da ke ba mutum dama ya shiga neman aiki har shekara guda bisa tsarin maki, kuma jin Jamusanci yana ƙara maki. Mai neman bizar koyon sana'a galibi ana so ya kai matakin B1. Mai aikin jinya galibi B2. Matakan shida ne, daga A1 na ɗan koyo zuwa C2 na gwani. Ka ga ƙofar a buɗe take, harshe ne kwaɗonta.

Haka batun jami'a. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin makaranta ko daga baƙo, sai ɗan kuɗin zango. Akwai inda ake biya, kamar jihar Baden-Württemberg da ke karɓar Yuro 1,500 duk zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba. Digiri na biyu akwai da yawa da Turanci, amma digirin farko akasari da Jamusanci ne.

Kafin wani ya ce Malam ya fara wa'azin gudun hijira, bari in faɗi ɗaya ɓangaren, don ba zuma zalla ba ce. Ɗalibin jami'a sai ya nuna kusan Yuro dubu 12 a asusu na musamman kafin a ba shi biza, ku lissafa da Naira ku gani. Samun ranar ganawa a ofishin biza kan ɗauki dogon lokaci. Hayar ɗaki a manyan biranensu tana cinye rabin abin da ɗan koyo ke samu, ko fiye. Ga sanyi, ga kaɗaici, ga nisa da dangi da masallacin unguwa. Jam'iyyar AfD mai adawa da baƙi ita ta zo ta biyu a zaɓen Fabrairun 2025 da kusan kashi 21 cikin 100. Masana'antunsu ma suna jin jiki: a ƙarshen 2024 Volkswagen ya cimma matsaya da ƙungiyar ƙwadago kan rage guraben aiki dubu 35 kafin 2030, ga motocin lantarki na ƙasar Sin sun taso su a gaba. Duk wanda ya ce maka da ka iya gaisuwa da Jamusanci shi ke nan ka haye, ka riƙe aljihunka da kyau, ɗan damfara ne.

Duk da haka dai, ita ce ƙasa ta uku a ƙarfin tattalin arziki a duniya bayan Amurka da Sin, kuma Jamusanci ne harshen uwa da ya fi kowane yawan masu magana a Tarayyar Turai. Sannan mu tuna yaranmu nawa suka bi ta Agadas suka faɗa Sahara da teku don neman shiga Turai. Wasu sun sayar da gonar gado, wasu har yau ba labarinsu. Wanda ya kai kuma ya ƙare a sansani, ba harshe, ba sana'a. In har mutum ya ƙudurta sai ya tafi, tsakani da Allah wanne ya fi: shekara guda da rabi a kan littafi, ko kwana goma a bayan Hilux?

Ni ma abin da ya fi damuna ba tafiyar ba ce, dawowar ce. Injinan casar shinkafa da na niƙan fulawa da na buga takardu da na asibiti suna nan a Kano da Kaduna da Kebbi. In babban injin ya tsaya, sau da yawa sai an jira injiniya daga Legas ko daga waje, ana biyansa da Dala, ma'aikata na zaune. Motocin Kwatano da yawa daga Jamus suka taso, gargaɗin da ke fitowa a gaban direba da takardun tarihin gyaransu duk da Jamusanci. Ɗan kasuwar da zai iya rubuta wa ƙaramin kamfani wasiƙa da harshensu, ya karanta sharuɗɗan ciniki da kansa, ya rage dillali ɗaya ko biyu a tsakani. Riɗi da citta da zoɓo da ƙaro da muke fitarwa, Jamus na cikin masu saye a Turai. Ba sai kowa ya bar gida ba kafin harshen ya biya shi.

Wani zai ce me ya sa ba Sinanci ba, tunda yanzu kayan Sin ne suka cika kasuwa? Ko Faransanci, tunda Nijar da Chadi da Kamaru da Binin ne suka kewaye mu? Wallahi duk a koya, ban hana ba. Larabci kuwa ba ma ya cikin wannan layi, matsayinsa daban. Amma mai saro kaya a Guwanzu kalkuleta da tafinta kan isar masa. Shi Jamusanci amfaninsa ya fi yawa ga mai son ya koyi yin abu da hannunsa. Kuma masu jin sa a Arewa ƙalilan ne ƙwarai, abin da ya yi ƙaranci kuwa shi ke da daraja. Maƙwabtanmu na Kamaru tun a sakandare suke koyonsa, shi ya sa ɗalibansu suka yi yawa a jami'o'in Jamus.

Game da wuyarsa, ba zan ɓoye ba, yana da ita. Kalmominsu wani lokaci kamar jirgin ƙasa, a haɗa uku ko huɗu a yi ɗaya. Amma Bahaushe yana da wata fa'ida da Bature ɗan Ingila ba shi da ita. Mu mun saba kowane abu ko namiji ne ko mace: rana ta fito, wata ya fito. Su ma haka, sai dai sun ƙara jinsi na uku wanda ba namiji ba mace, kuma abin dariya, kalmar "yarinya" a can ta faɗa. Jam'insu ba ƙa'ida ɗaya ba ce, sai ka haddace, kamar yadda muke cewa gida gidaje, doki dawaki, mace mata. Karatunsa kuma kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa, ba irin wahalar Turanci ba. Wanda ya zauna ya haddace nahawu da sarfu a zaure, wannan ba zai kayar da shi ba.

A ina za a koya? DW, wadda iyayenmu ke sauraron Sashen Hausarta tun 1963, tana da darussa kyauta a intanet, akwai wani mai suna Nicos Weg da ke ɗaukar mutum daga A1 har B1. Cibiyar Goethe da ke Legas tana koyarwa, kuma a can ake rubuta jarrabawar da ofishin jakadanci ya yarda da ita. Jami'o'in Ibadan da Ife da Nsukka suna ba da digiri a Jamusanci. A lissafin Goethe, kaiwa B1 na buƙatar darasi 350 zuwa 650, kowanne na minti 45. Mai yin darasi ɗaya kullum zai kai cikin shekara 1 zuwa 2. Datar da muke ƙonawa a kan rigimar 'yan siyasa da 'yan fim ta ishe mu har da canji.

Ina kira ga gwamnonin Arewa da ke tura ɗalibai waje da maƙudan kuɗi, da masu kuɗinmu da ke raba babura lokacin zaɓe: ajin Jamusanci a kwalejojin fasaha, da malamai biyu ko uku, bai kai kuɗin mota ɗaya ta ayarin gwamna ba.

A 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, ya shigo Kano da sunan Abdulkarim. Ya koyi Hausa, ya zaga kasuwa, ya rubuta abin da ake saƙawa da rinawa da inda ake kai shi. Har gobe ana koyar da Hausa a wasu jami'o'in Jamus. Su sun daɗe da gane cewa wanda ya ji harshenka ya san kasuwarka.

Ɗan yayar tawa dai ya sayi Geznarsa. A hanyar gida na sa ya sauke darasin farko a wayarsa. Jiya da daddare ya turo min saƙo, "Kawu, Guten Abend." Na ce madalla, saura darasi 349.

Wanda ya taɓa koyo, ko yake can yana karatu ko aiki, don Allah ya faɗa mana yadda abin yake, daɗinsa da ɗacinsa, don ƙannenmu su ji daga bakin mai ita. Allah Ya buɗa wa matasanmu hanyar halal, Ya sa mu dace.