Zoben Daimon: Ana Gardamar Fasali, An Manta da Ciniki

Masu sayar da zoben baiko sun ƙware wajen ba mutum zaɓin da ba ya taɓa ribarsu. Dutse mai da'ira kake so, ko mai kusurwa huɗu? Guda ɗaya bisa ƙafafu shida, salon da Tiffany ya fito da shi a 1886, ko wanda aka kewaye da ƙananan duwatsu don ya cika ido? Kowanne ka ɗauka, ka riga ka amince da abin da ya kamata ka tuhuma tun farko, wato cewa daimon kadara ne.

Tallan kamfanin De Beers a Amurka, musamman daga 1947, shi ya mayar da dutsen nan sharaɗin neman aure. Mai shakka ya kai zobensa kasuwa washegarin saye, ya ji abin da za a taya. Ga shi yanzu ana ƙera daimon a masana'anta, sinadarinsa ɗaya da na haƙa, farashinsa kuwa ƙasa ƙwarai.

Iyayenmu mata sun fi mu lissafi. Gwal ɗin lefe a sikeli ake ɗora shi, a biya giram-giram, ranar da asibiti ko kuɗin makaranta suka taso.

In lalle zoben ake so, a zaɓi wanda ƙarfe ya rungume dutsensa, don ba ya kama mayafi, a kuma sayi na masana'anta. Ragowar kuɗin a saya wa amarya gwal, abin da zai tsaya mata ranar buƙata.